Sai Inji Ya Huce

Mun bar Mirandela hazo bai tashi ba,
ni da gwaggona Graciete,
zarton inji a bayan mota,
kuɗin kaɗar zaitun na sati shida a aljihuna.
Ta ce: Telmo, kar ka dubi fenti,
fenti bakin dillali ne.

Ga shi a rumfar tsoho Albano, jingine da buhunan taki,
dogo, siriri, tayoyinsa duk haƙora,
ya girme ni da shekara huɗu.
Mai bugu biyu ne, mai shan fetur da mai a kwano ɗaya.
Tun daga ƙofa zuciyata ta biya.
Gwaggo kuwa ko kallonsa ba ta yi ba,
tafin hannu ta ɗora a kan inji,
yadda ake taɓa goshin yaro.
Da ɗumi, ta ce.
Wanda aka tasa kafin baƙi su zo
akwai abin da ba ya so a ji.
Za mu jira.

Muka jira. Kofi ya zo, ya ƙare.
Shekara talatin ta yi a gareji,
jira ba baƙonta ba ne.
Ta durƙusa ta girgiza tayar baya,
boris ya ce ƙas, ƙas.
Ta ja sarƙa, sarƙa ta biyo ta kamar akuyar da ta saba.
Ta shafa ƙafar gaba, yatsa ya dawo da maiƙo.
Ta cire filogi ta kai hanci:
ba baƙi ba, ba fari ba, kalar gasasshiyar gyaɗa.
Nan ta ɗan yi shiru.
Ta kwance salansa, ta haska tocila cikin rami,
ta ce: zo ka ga fistan.
Na leƙa. Zane biyu, sirara,
kamar kyanwa ta gwada farce ta fasa.
A ƙarƙashin ciki kuma, inda ido ba ya zuwa,
walda ce kwance, an lulluɓe ta da baƙin fenti.

Wa ya faɗi da shi?

Albano ya juya hularsa a hannu.
Ɗana, Nuno. A gangaren rafi.
Ƙarfe ya tsage, shi bai ko gurje ba.
Yana Faransa yanzu, yana ɗaura tayil a gidajen mutane,
shekara bakwai.
Kullum da safe nakan tashe shi minti biyar,
don kar ya manta muryarsa.
Bai ce wa zai manta ba,
babur ɗin ko shi.

Gwaggo ta sake taɓa inji. Sanyi ƙalau.
Hau, ta ce.
Na taka kik, ya ture ƙafata, da sauran ƙarfi a ƙirjinsa.
Na biyu, tari.
Na uku,
rumfa ta tsage da ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani,
shuɗin hayaƙi ya cika mana ido,
kaji suka watse,
tsoho yana dariya, yana share fuska, wai hayaƙi ne.

Ta kasa kunne, kai a karkace,
tana neman ƙarar da ba ta cikin waƙar.
Ba ta samu ba.

Ciniki bai yi tsawo ba.
Boris, sarƙa, robar ƙafar gaba, ring kafin bazara:
ta lissafa, ta zabge ɗari biyu.
Waldar fa? na raɗa mata.
Wanda ya yi ta, ta ce, ɗansa yake tsoron rasawa.
Irin wannan ba ta sakewa.

Albano ya ɗaga zartona, ya taɓa cikinsa,
ya dube ni ta ƙasan gira.
Da ɗumi, ya ce.

Ni ma na tashe shi da asuba.